Sabo da Kaza: Tsokaci a kan Nadama da Amanar Ƙaramin Rai

Hausawa sun ce sabo da kaza ba ya hana yanka. Galibi idan aka jefa wannan karin magana, ana gargaɗin talaka ne game da kusantar sarki, ko bara game da sakin jiki da ubangidansa, ba a ma tunawa da ita kazar. Amma wanda ya tsaya ya dubi maganar da idon basira zai ga ta yarda da abu guda tun kafin ta kai ga wuƙa, wato akwai sabo tsakanin mutum da kaza. Da babu shi, da ba a bukaci a ce ba ya hana yanka ba. Wannan maƙala za ta yi magana a kan abin da ke biyo bayan wannan sabo ranar da kazar ta mutu ba da wuƙa ba, musamman idan ajalinta ya zo ta hannun da ke ƙaunarta. Yaro ya rungumi ɗan tsakonsa ya matse shi har numfashi ya ɗauke. Yarinya ta manta ba ta rufe akurki ba, muzuru ya yi ɓarna da dare. Matar gida ta kife kaza da kwando da safe ta tafi barka, inuwa ta gushe, rana ta gama da ita. Kowanensu yakan kwana da nauyi a ƙirji. Mene ne wannan nauyi, yana da tushe ko ba shi da shi, kuma yaya za a yi da shi?

Na san mai karatu zai iya cewa batun bai kai a ɓata masa tawada ba, balle a yankin da ya ga matsalar abinci ta 2005, lokacin da cibiyoyin ciyar da yara na Maraɗi suka cika maƙil, ƙauyukan Madarunfa kuma na cikin waɗanda abin ya fi shafa. Amsar ita ce, lamirin ɗan Adam ba ya faɗowa daga sama ranar da babbar jarrabawa ta zo. Tun yana ƙarami ake gina shi, kuma a kan ƙananan abubuwa. A gidajenmu da yawa, mutuwar kaza ce wuri na farko da yaro ke gane cewa hannunsa yana iya jawo abin da ba ya gyaruwa. Abin da manya suka faɗa masa a ranar yakan bi shi har girma.

Matsayin kaza a gidan Bahaushe

A ƙauyukan da ke kewaye da tafkin Madarunfa, kamar sauran ƙasar Katsinar Maraɗi, kaza ce dukiyar farko da yaro ke mallaka. Kaka takan miƙa wa jikanta sagara tana wasa da shi, ta ce: "Maigidana, ga jarinka nan, in ka riƙe ta da kyau ita za ta yi maka aure." Kowa ya san matakalar da ake nufi: kaza ta yi kwanci na kwana 21 ta ƙyanƙyashe, a sayar da zakaru a sayi ƴar akuya, akuya ta zama tunkiya, wata rana a kai ga saniya. Ita ce kuma ake sa wa ƙwan zabi da damina ta kwanta a kansu kusan mako huɗu, ta rene su kamar nata. Ga matar gida kuwa, kaza asusu ce mai ƙafa biyu. Ita ake kamawa a kai kasuwa idan yaro ya kwanta ciwo, ko an koma lakkwal ana neman kuɗin littafi, ita ake yanka wa baƙon da ake jin kunyarsa.

Faransanci yana da suna na musamman ga dabbar da ake ajiyewa don ɗebe kewa, animal de compagnie, alhali mu komai kiwo muke kiransa, daga raƙumi har tantabara. Rashin sunan bai hana abin wanzuwa ba. A kusan kowane gida akwai wata kaza da ta fita daban, wadda ke zuwa da gudu in ta ji muryar mai ita, ta ci tsaba a tafin hannunsa, har yara su raɗa mata suna. Saboda haka idan ta mutu, hasara biyu aka yi a lokaci guda, ta jari da ta abokiyar zama. Manya sukan lissafa ta farko, yaro kuwa ta biyun ce ke sa shi kuka.

Amsoshin da muka saba bayarwa

Amsa ta farko dariya ce. "Kai, don kaza kake kuka? Sai ka ce uwarka ta mutu!" Da wannan ake koya wa yaro cewa tausayinsa abin kunya ne, ya haɗiye shi. Amsa ta biyu bulala ce, domin an yi hasarar dukiya kuma dole wani ya ɗauki alhaki. Yaron da aka doka a kan kaza yakan koyi darasi, amma darasin ɓoyewa. Gobe in ɗan tsako ya mutu a hannunsa, bayan danga zai jefa shi ya ce shirwa ce. Daga nan ya zama mai kaza a aljihu, wanda aka ce ba ya jimirin "as". Amsa ta uku ta fi sauran taushi, ita ce a ce: "Ƙaddara ce, kwananta ya ƙare." Maganar gaskiya ce, kuma babu mumini da zai musa ta. Sai dai sau da yawa akan faɗe ta ne don a rufe zancen, ba wanda zai koma ya duba ƙofar akurkin da ta karye ko kaskon ruwan da ya yi zurfi. Bayan mako biyu sai wata ƙaddarar irin ta farko ta sake aukuwa.

Duk amsoshin nan uku sun haɗu a wuri ɗaya, ba su bari nauyin da ke zuciyar yaron ya yi aikin da ya zo yi. Kafin mu ga ko wane aiki ne, ya kamata mu fara tambaya ko kaza ta isa a yi mata hawaye.

Shin kaza ta cancanci hawaye?

A Faransa, René Descartes ya bayyana a littafinsa na 1637 cewa dabbobi tamkar injuna suke, suna motsi kamar yadda agogo ke motsi, ba tare da tunani ba. Almajiransa sun kai maganar nesa, har wasu suka ɗauki kukan dabba kamar ƙarar ƙarfe. La Fontaine, mai tatsuniyoyin da ɗalibanmu ke haddacewa a aji, yana cikin waɗanda suka ƙi yarda da wannan ra'ayi. A 1789 kuma Jeremy Bentham na Ingila ya juya tambayar baki ɗaya, ya nuna cewa abin dubawa shi ne ko dabba tana jin zafi, ba ko tana iya magana ko lissafi ba. Binciken zamani ya goyi bayansa. A 2011 masu bincike a Jami'ar Bristol sun hura wa ƴan tsaki iska kaɗan a gaban uwarsu, sai suka ga bugun zuciyar uwar ya ƙaru, ta kuma yawaita kiran ƴaƴanta, alhali ita ba a taɓa ta ba. An kuma tabbatar cewa kukan da kaji ke yi idan haɗari ya taho ta sama daban yake da wanda suke yi idan ya taho ta ƙasa. Wannan kam kowace tsohuwa a Gabi ko Ɗan Isa ta san shi, tana daka za ta ce wa yara su duba sama, shirwa ta zo, tun ba ta ɗaga kai ba.

Addininmu bai jira waɗannan bincike ba. Aya ta 38 ta Suratul An'am ta sanar da mu cewa dabbobin ƙasa da tsuntsaye al'ummomi ne kamar yadda muke al'umma. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ta nemi abinci ba. Abu Dawud ya ruwaito cewa wasu sahabbai sun ɗauke wa wata tsuntsuwa ƴaƴanta a kan hanyar tafiya, Manzon Allah (SAW) ya ga tana shawagi cikin damuwa, ya umarce su da su mayar mata da su. Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu sun wajabta wa mai dabba ciyar da ita idan babu makiyaya.

Amma labarin da ya fi kusa da batunmu shi ne na Abu Umairu, ƙanen Anas ɗan Malik. Yaro ne ƙarami yana da ɗan tsuntsu da yake wasa da shi, sai tsuntsun ya mutu, yaron ya shiga baƙin ciki. Da Manzon Allah (SAW) ya ziyarci gidan ya gan shi a haka, ya tambayi dalili, sannan ya kira shi da alkunya kamar yadda ake kiran manya, ya tambaye shi labarin tsuntsunsa cikin raha. Malamai sun ba wannan hadisi muhimmanci, har Ibnul Ƙass, malamin Shafi'iyya, ya fitar da fa'idoji kusan sittin daga cikinsa. Mu a nan guda ɗaya ta ishe mu: mafi girman halitta bai ga ƙasƙanci ba a tsayawa ya yi wa yaro jajen tsuntsu. Bai yi masa dariyar raini ba, bai kuma tsawata masa ba. Wanda ke ganin kuka don kaza wauta ce, sai ya auna kansa da wannan.

Baƙin ciki daban, laifi daban

To, an yarda kukan yana da tushe. Saura nauyin da ke cewa "ni na jawo". A nan harshe zai taimake mu. Kalmar lamiri da muka aro daga Larabci tana da fuska biyu a Hausa: a nahawu ita ce ƴar kalmar da ke nuna wanda ya yi aiki, kamar na, ka, ta, a zancen tarbiyya kuwa ita ce muryar da ke tuhumar mutum daga ciki. Fuskokin biyu suna haɗuwa a bakin yaron da kazarsa ta mutu, domin sai ya zaɓa tsakanin "ta mutu", da "ta mutu a hannuna", da "na kashe ta". Jimloli uku ne masu hukunci uku, kuma babban aikin iyaye a ranar shi ne su taimake shi ya ɗauki wadda ta dace da abin da ya faru.

Akwai mutuwar da babu hannun kowa a ciki. Idan hunturu ya kama, annobar kaji da likitocin dabbobi ke kira Niyukasil, da sunan garin Ingila da aka fayyace ta a 1927, takan share akurkin ƙauye guda cikin ƴan kwanaki. Yaron da bai taɓa jin akwai rigakafinta ba, ba shi da abin tuhumar kansa. Nasa baƙin ciki ne kawai, jaje ya dace da shi.

Akwai kuma mutuwar da ta zo ta hannun mutum ba da nufinsa ba, ba kuma da sakacinsa ba, kamar yaro ɗan shekara huɗu da ya matse ɗan tsako don so, ko uwa da ta juya da tulu a ka ta taka wanda ya shigo ƙarƙashin ƙafarta. Wannan ce ta fi wuyar sha'ani. Bernard Williams, masanin falsafa ɗan Ingila, ya kawo misalin direban babbar mota da yaro ya faɗo gabansa ya take shi, ba tare da direban ya karya wata doka ba. Ya ce kowa zai rarrashi direban ya gaya masa ba laifinsa ba ne, kuma daidai ne a yi hakan, amma da direban zai karɓi rarrashin nan take ya kaɗe rigarsa ya wuce kamar ɗan kallo, da mun ji tsoron halinsa. Akwai wani irin takaici da ya keɓanta da wanda abu ya auku ta hannunsa, ko da shari'a ta wanke shi. Malamanmu na fiƙihu sun riga sun bambance wannan ta tasu hanyar. Sun ce zunubi ya faɗi daga kan mai kuskure da mai mantuwa da yaron da bai balaga ba, amma wanda ya ɓata dukiyar wani bisa kuskure sai ya biya. Ma'ana, an ɗauke masa zunubin, an bar masa alaƙarsa da abin da ya faru. Don haka idan yaro ya ce "ta mutu a hannuna" yana kuka, gaskiya ya faɗa. Kada a ƙaryata shi da cewa babu ruwansa, kada kuma a bar shi ya zarce zuwa "na kashe ta".

Ta uku ita ce mutuwar sakaci: an san abin da ya kamata, an yi kasala. An ga kaskon ruwa ya bushe da tsakar bazara aka ce sai an dawo. A nan akwai laifi, kuma ɓoye shi cutar da mai shi ne. Faransanci ya bambanta remords, cizon zuci da ke cin mutum ba ya kai shi ko'ina, da repentir, wanda ke juya shi ya canza hanya. Mu ma muna da da-na-sani, muna da tuba. Hausawa sun ce da-na-sani ƙeya ce, wato kullum a baya take, kuma hadisin da Muslim ya ruwaito ya yi gargaɗi cewa yawan "da na yi kaza da kaza" ƙofa ce da Shaiɗan ke shiga. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya bayyana cewa tuba tana da matakai uku da ke bin juna: sanin illar abin da aka yi, sai zafin zuciya da sanin ya haifar, sai aikin da zafin ya haifar. Nadamar da ta tsaya a mataki na biyu ciwo ce kawai. Lafiyarta ita ce ta sauko daga ƙirji ta shiga hannu.

Darasin 2006

Madarunfa ta taɓa ganin lokacin da wannan tambaya ta fita daga tsakar gida ta zama ta ƙasa baki ɗaya. A ranar 8 ga Fabrairu 2006 aka bayyana ɓullar murar tsuntsaye nau'in H5N1 a wata gonar kaji da ke Jaji cikin jihar Kaduna, karo na farko da aka tabbatar da ita a kajin Afirka. Kafin watan ya ƙare an same ta a Magarya cikin jihar Damagaram, bayan ƴan watanni kuma aka tabbatar da ita a ƙauyen Boko Mai Gawo, a ƙasar Gabi, cikin gundumarmu. Ƙa'idar da ake bi a ko'ina ita ce a kashe kajin wurin da cutar ta ɓulla da na kewayensa, masu ciwo da masu lafiya, a binne, a biya masu su diyya.

Wannan annoba ta juya abin da muka sani game da tausayi. A kullum, mai son kazarsa shi ne wanda ke ɗaukarta in ta yi rashin lafiya, ya buɗe bakinta ya ɗura mata ruwa, ya kwantar da ita kusa da shimfiɗarsa. Mai tattali kuma shi ne wanda ke hanzarin sa mata wuƙa kafin ta zama mushe. A gaban H5N1 duka biyun ganganci ne, domin cutar tana kama mutum ta hanyar taɓa tsuntsu mai ciwo, da figarsa, da gyaransa. A watan Janairu na shekarar, yara sun rasu a gabashin Turkiyya, cikinsu har da ƴan gida ɗaya, bayan sun yi mu'amala da kaji masu ciwo. A Janairun 2007 wata matashiya ta rasu da ita a Legas. Wanda ya ɓoye kazarsa a ɗaki don kada a kashe ta, ko ya tsallaka da ita wata kasuwa, soyayya ko tsoron hasara ne suka motsa shi, amma ya jefa kajin maƙwabta da ƴaƴansa cikin haɗari. Wanda ya miƙa tasa tana da ƙoshin lafiya aka kashe a gabansa ya ji zafi, har yana iya jin kamar ya ci amanarta, alhali shi ne ya yi daidai.

Abin da wannan ke koya mana shi ne jin nauyi a zuciya ba alƙali ba ne. Mutum yakan ji shi ba shi da laifi, yakan kuma rasa shi alhali yana da laifi. Kyakkyawar niyya ma ba ta isa ba in babu sani. Cutar ta sake leƙo Nijar a 2015 da 2021, kuma tafkinmu, wanda aka sa cikin jerin dausayoyin yarjejeniyar Ramsar a 2019, masauki ne na tsuntsayen ruwa masu ƙaura, don haka darasin bai tsufa ba.

Ilimin da hannu ke bukata

Rashin sani, in ji Hausawa, ya sa kaza ta kwana a kan dami. Mu ma rashin sanin jikinta ne ke sa mu cutar da ita muna zaton gata muke yi mata. Tsuntsu ba shi da tantanin da ke raba ƙirji da ciki yana jawo numfashi kamar na mutum. Da motsin ƙashin ƙirjinsa yake cika jakunkunan iska da ke cikin jikinsa, saboda haka duk wanda ya matse ƙirjin kaza ya shaƙe ta ko da bai taɓa wuyanta ba. Wannan ne sirrin mutuwar ƴan tsaki a hannun ƙananan yara. Yadda ake ɗaukar kaza shi ne a ɗora hannu ɗaya a bayanta a haɗe fukafukan da jikinta, a zura ɗayan ta ƙarƙashi ya tallafi ƙirjin, yatsu suna tsakanin ƙafafu, a jingina ta da haƙarƙari ba tare da matsi ba. Ba a ɗaga ta da fiffike, ko wuya, ko ƙafa ɗaya. Rataye kaji kai a ƙasa a kan babur daga ƙauye har kasuwar Maraɗi azaba ce da muka saba gani har muka daina ganinta. Wanda ke son kama kaza ya jira magariba ta hau wurin kwananta, maimakon ya tara yara su bi ta da gudu da tsakar rana. Ɗan tsako kuwa a tafin hannu biyu ake riƙe shi, yaron yana zaune a ƙasa, babba yana kusa.

Zafin jikin kaza ya kai maki 41, kuma ba ta gumi. Da haki da buɗe fukafuki take rage zafi. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin yankinmu ke wuce maki 40, inuwar da ba ta gushewa da ruwa mai sanyi su ne tsakaninta da mutuwa. Kaskon ƴan tsaki ya zama marar zurfi, a zuba tsakuwa a ciki don kada su nutse. Akurki ya sami ƙofa mai rufuwa da kafofin shan iska. Da shuka, a nisanta kaji daga irin da aka cuɗa da magani, haka ma maganin ɓera. Kazar da aka sayo daga kasuwa a ware ta aƙalla mako biyu kafin ta shiga cikin sauran. Annobar Niyukasil ba ta da magani idan ta kama, kuma kafso ɗin da ake saye a tebur ana jiƙa wa kaji ba ya kashe ƙwayarta, amma tana da rigakafi mai sauƙin kuɗi, na allura da kuma na ɗigo a ido, wanda ake maimaitawa lokaci lokaci. A nemi ma'aikatan kiwo tun kafin sanyi ya shigo.

Kiyayewar ta shafi mai kiwon ma. Kashin kaji yana ɗauke da ƙwayoyin cutar da ke sa zawo, kuma jariri mai rarrafe duk abin da ya tsinta baki yake kaiwa, don haka a share tsakar gida, kaji kuma su kwana a akurkinsu ba a ɗakin mutane ba. A hana yara sumbatar kaza ko manna ta a fuska, a sa su wanke hannu da sabulu bayan sun taɓa ta. Idan kaji suka fara faɗuwa da yawa ba zato, kada a yanka, kada a fige, kada a sayar, a sanar da ma'aikatan kiwo. Wadda ta mutu a ɗauke ta da leda a hannu, a binne ta a rami mai zurfi nesa da rijiya da bakin tafki, ba a jefa ta a juji karnuka su ja ba.

Kammalawa

Wani zai ce duk wannan ɗawainiya a kan abin da ƙarshensa tukunya ce. Gaskiya ne, kuma babu saɓani a ciki. Shari'ar da ta halatta yanka ita ce ta umarci mai yankan ya wasa wuƙarsa ya hutar da abin yankansa. An ba mu izinin cin namanta da ƙa'ida, ba a ba mu izinin wulaƙanta ranta ba, kuma tsakanin ranar da ta ƙyanƙyashe da ranar wuƙa, amana ce a hannun mai ita.

Saboda haka idan yaro ya zo da gawar kazarsa yana kuka, abin da ya fi shi ne uba ko uwa su durƙusa daidai tsayinsa, su yi masa jaje kamar yadda ake yi wa babba, su bar shi ya faɗi yadda aka yi ba tare da tsoron bulala ba. In annoba ce, a gaya masa babu hannunsa. In so ne ya yi yawa, a gaya masa Allah ba ya kama shi da abin da bai sani ba, sannan a nuna masa ƙirjin kaza da yadda take numfashi. In kasala ce, a faɗa masa gaskiya da murya mai sanyi, a sa shi ya gyara ƙofar akurkin da kansa, in kuma kazar maƙwabta ce a raka shi ya ba da haƙuri a biya. Babba da abin ya same shi ma haka zai yi wa kansa: ya auna wace ce tasa cikin jimlolin nan uku, ya nemi gafara in da abin nema, ya gyara abin da ke gyaruwa, ya bar sauran ga Mai rai da mutuwa. Bayan haka a tafi tare a haƙa rami a binne ta, a wanke hannu. Idan kwana biyu sun wuce, kaka ta sake ba jikanta wata sagarar, domin hana shi kiwo yana nufin an yanke masa hukuncin cewa hannunsa ba abin amincewa ba ne, alhali yanzu ne hannun ya fara sanin nauyin abin da yake riƙewa.